Kwalejin Abdullahi Bayero: Reshen Jami'ar Zariya a Birnin Kano, 1960 zuwa 1977

Ranar 4 ga watan Oktoba, 1962, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. Harhaɗa ta aka yi daga makarantu da ma'aikatun da suka riga ta zuwa duniya. Akwai reshen Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya da ke Samaru, wanda ya zama mazaunin jami'ar. Akwai Makarantar Koyon Sha'anin Mulki ta Kongo. Akwai kuma ma'aikatar binciken aikin gona ta Samaru, da gonar dabbobi ta Shika. Waɗannan duka a kewayen Zariya suke, mai keke ma yana iya zagaye su cikin yini guda. Ɗaya ce tak ta yi nisa, watau Kwalejin Abdullahi Bayero da ke Kano, kusan mil 100 daga Samaru. Wannan kwaleji ta yi shekara 13 tana matsayin reshe, sa'an nan ta yi biyu tana tsakanin reshe da gindi, kafin ta zama Jami'ar Bayero cikin 1977.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba waɗannan shekaru, a ga abin da reshen ya tsinana wa ƙasar Kano da abin da ya kasa. A takarda dai Zariya ce uwa, ita ke tsara karatu, ita ke ba da digiri. Amma wanda ya bi asalin kwalejin zai tarar saiwarta a cikin birnin Kano take, kuma ta girmi jami'ar da kusan shekara 30.

Asali

Kano ba baƙuwar ilmi ba ce. Littafin tarihin sarakunanta ya ambaci zuwan Wangarawa zamanin Sarki Yaji, ya kuma ambaci Fulanin da suka zo daga Mali zamanin Sarki Yakubu da littattafan tauhidi da na lugga. Zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, Shehu Maghili ya sauka a birnin har ya rubuta wa Sarki wasiyya kan yadda ake tafiyar da mulki. Unguwar Madabo ta yi suna wajen karatun fiƙihu tun ba yau ba. Ɗalibi kan zauna a zauren malami shekara da shekaru, ya sauke littafi ya ɗauki wani, in malam ya gamsu ya ba shi izini. Ba aji, ba ƙararrawa, ba takardar shaida irin wadda ofis ya sani.

Da Turawa suka ci ƙasar cikin 1903 sai suka tarar da alƙalai da muftai suna aiki, suka bar su a kan kujerunsu, domin mulkin da suka shirya yi ba ya tafiya sai da su. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa cikin 1909, da Kwalejin Katsina da ta biyo baya, sun horar da malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan En'e. Amma ba su horar da alƙalai ba. Wannan giɓi ne ya sa cikin 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero kuma da goyon bayansa, aka buɗe Makarantar Shari'a ta Lardunan Arewa a cikin birni. Daga Sudan aka ɗauko malamanta na farko, cikinsu har da Shehu Bashir al-Rayyah. Su ne suka zo da abin da zaure bai sani ba: a raba ɗalibai aji aji, a ƙayyade littattafan kowace shekara, a yi jarrabawa a rubuce. Littattafan dai su ne na zaure, irin su Risala da Mukhtasar, hanyar ce ta sake. Cikin 1947 aka faɗaɗa makarantar, aka sake mata suna ta koma Makarantar Koyon Larabci, aka ƙara mata Turanci da lissafi da horon malanta. Malam Abubakar Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa, yana cikin waɗanda suka yi karatu a nan, har daga baya aka tura shi tare da wasu zuwa Bakht er-Ruda a Sudan don ƙarin ilmi.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ɗalibin wannan makaranta yana iya fin ɗan sakandare zurfin karatu nesa ba kusa ba, amma Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe cikin 1948, ba ta da ƙofar da zai shiga. Sharaɗinta na Landan ne. Shi kuma aikin gwamnati an jera matakansa ne bisa takardun boko. Saboda haka mai Larabci ya kan tsaya a alƙalanci ko malanta a ƙaramin mataki, yana kallon ƙanensa da ya bi ta Barewa yana hawa. Gab da samun mulkin kai, lokacin da Gwamnatin Jihar Arewa ke fafutukar cike ofisoshinta da 'yan Arewa, barin irin waɗannan mutane a gefe asara ce da ba ta da dalili. Cikin Oktoba 1960 sai aka buɗe wani sashe a harabar Makarantar Koyon Larabci, aka kira shi Kwalejin Ahmadu Bello. Aikinsa shi ne ya shirya ɗalibai don jarrabawar G.C.E. mai zurfi a fannonin Larabci da addinin Musulunci da tarihin Musulunci da Hausa da adabin Turanci, yadda za su cika sharaɗin shiga jami'a. Da aka sa wa sabuwar jami'ar Zariya sunan Sardauna cikin 1962, sai kwalejin ta Kano ta bar mata sunan, ta ɗauki na Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya rasu cikin 1953. Ba a yi kuskure wajen zaɓen sunan ba, don a zamaninsa aka dasa abin.

Daga cikin birni zuwa bakin ganuwa

Cikin 1964 kwalejin ta fita daga harabar Makarantar Koyon Larabci ta koma tsohon otel na filin jirgin sama, mazauni na wucin gadi. A nan ta karɓi ɗalibanta na farko masu neman digiri, su 10, waɗanda suka gama cikin 1966. Shugabanta a waɗannan shekaru shi ne Farfesa Abdullahi al-Tayyib, mutumin Sudan, ƙwararre a waƙoƙin Larabawa, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Hartum. Watau igiyar nan da aka ƙulla da Sudan cikin 1934 ba ta tsinke ba. Bayansa Alhaji Hamidu Alƙali ya riƙe kwalejin, sa'an nan Dokta Shehu Galadanci, wanda shi kansa ɗan Makarantar Koyon Larabci ne.

Zaman filin jirgin bai yi ƙarko ba. Da yaƙin basasa ya ɓarke cikin 1967 sai wurin ya zama na soja, har jirgin Biyafara ya kawo masa hari. Tilas kwalejin ta kwashe ta koma mazauninta na dindindin, a bakin ganuwa tsakanin Ƙofar Dukawuya da Ƙofar Kabuga, inda yanzu ake kira tsohuwar jami'a. Wurin ya dace da halin kwalejin: tana wajen birni, amma ganuwa kawai ta raba su. Malamin Larabci yana iya gama darasi da hantsi, da la'asar yana zaune gaban wani shehi a cikin gari yana ɗaukar karatu ko yana kwafar tsohon littafi. A Samaru wannan ba ya yiwuwa cikin sauƙi, don tsakaninta da birnin Zazzau tafiya ce.

Abin da reshen ya yi wa ƙasar

Babban aikin kwalejin shi ne ta mai da ilmin Larabci da na addini abin da ake samun digiri a kansa a Arewa. Wannan ƙaramar magana ce a baki, amma ta sake rayuwar mutane da yawa. Wanda ya fito da digiri na Kano daidai yake da wanda ya fito da na Samaru, tambari ɗaya ne a kan takardar, mataki ɗaya ne a albashi. Daga cikinsu aka sami malaman makarantun sakandare da na kwalejojin horon malamai, da sufetocin ilmi, da jami'an mulki. Lokacin ya kuwa zo daidai. Cikin 1967 aka raba Arewa jiha shida, Kano ta zama jiha mai kanta a ƙarƙashin Audu Baƙo, kowace ma'aikata tana neman mai digiri ido rufe. Ba da jimawa ba kuma aka karɓe kotunan alƙalai daga hannun En'e aka mai da su ƙarƙashin gwamnatin jiha, aka shiga neman ma'aikatan da suka san littafin Malikiyya suka kuma iya rubuta rahoto da Turanci. Irin mutumin nan mai harshe biyu da karatu biyu, Kano ce babbar masaƙarsa.

Akwai wata fa'ida da ba a cika ambata ba. Iyaye da yawa a ƙasar Kano sun daɗe suna ɗari-ɗari da boko, suna ganin hanyar fita daga addini ce. Gwamnati ta yi ta lacca a kan haka ba ta ci nasara sosai ba. Ganin jami'a a bakin ƙofar gari, ana karanta tafsiri da hadisi da nahawu a cikinta, kuma shugabanta malami ne da malaman gari ke girmamawa, ya fi kowace lacca tasiri. Ba a ce shi kaɗai ya kawar da tsoron ba, amma ya rage masa kaifi, musamman a gidajen malamai da na attajirai na cikin birni.

Sashen tarihi ma ya yi rawar gani. Tun cikin shekarun 1960 kwalejin take fitar da mujallar nazarin Kano, malamai irin su Muhammad al-Hajj da John Lavers suka duƙufa kan tarihin Kano da Borno da daular Usmaniyya, suna dogara da rubuce-rubucen Larabci na malaman ƙasa da bakin dattawa, maimakon rahotannin Razdan kaɗai. Ɗalibai suka riƙa komawa garuruwansu lokacin hutu suna tattara tarihin sarautu da kasuwanni da sana'o'i don rubuta kundin kammala digiri. Wasu garuruwan ƙasar Kano, tarihinsu na farko da aka rubuta da boko yana cikin irin waɗannan kundaye.

Sha'anin Hausa

A nan ya kamata a ɗan tsaya, don babu fannin da sawun kwalejin ya fi fitowa kamar wannan. Kafin lokacin, wanda ke son nazarin Hausa a matakin jami'a sai ya tafi Landan ko Jamus ko Amurka. A gida, aikin harshen yana hannun Hukumar Fassara da Hukumar Talifi da Gaskiya da NORLA, sa'an nan Hukumar Harshen Hausa da aka kafa cikin 1955. Da aka rushe Jihar Arewa sai wannan hukuma ta rasa mai ita. Cikin 1969 aka kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a kwalejin Kano, nauyin ya dawo wuyanta, tare da na Fulatanci da Barbarci.

Abu na farko da ta tarar shi ne rikicin rubutu. An yi taro a Bamako cikin 1966 a ƙarƙashin UNESCO, inda aka kawo shawarwarin da ba su karɓu ba a Nijeriya, don sun saɓa wa abin da masu karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo suka saba da shi. Jami'ar ta kira taro a Zariya cikin 1970, Cibiyar kuma ta kira wani a Kano cikin 1972, aka tsai da ƙa'idoji kan raba kalmomi da haɗa su da sauran abubuwan da marubuta ke saɓani a kai. Waɗannan ƙa'idoji ne aka tafi da su Yamai cikin 1980 lokacin da aka zauna daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Duk yaron da malami ya taɓa ja masa jan biro don ya haɗa kalmomin da ya kamata ya raba, da hukuncin waɗannan tarurruka aka yi masa shari'a, ko da bai sani ba.

Cibiyar ta fara fitar da mujallar Harsunan Nijeriya. Cikin 1977 aka buga Sabon Ƙamus na Hausa zuwa Turanci, wanda Paul Newman da Roxana Ma Newman suka tsara a can tare da taimakon Ibrahim Yaro Yahaya da wasu. Shi Ibrahim Yaro ya tattara tatsuniyoyi da wasanni ya mai da su littattafan makaranta, daga baya kuma ya rubuta Hausa a Rubuce, wanda ya fito cikin 1988. M.K.M. Galadanci ya fitar da littafinsa na nahawun Hausa cikin 1976. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na dokta a Indiyana a kan Mamman Shata, lokacin da wasu ke ganin kiɗan kalangu bai isa a kai shi gaban malaman jami'a ba. Bello Sa'id kuma ya bi gidajen malamai ya tattara waƙoƙin masu jihadi daga ajami, ya rubuta kundinsa da Hausa.

Wannan batu na rubuta kundi da Hausa ba ƙarami ba ne. Koyar da Hausa da Turanci abu ne mai sauƙi, kalmomin suna nan a littattafan Turawa. Koyar da ita da ita kanta kuwa sai an ƙera wa kowane abu suna: baƙi da wasali, gaɓa, karin sauti, amsa-amo, jigo, salo, zubi da tsari. Wasu an aro su daga Larabcin zaure, wasu daga bakin masaƙa da maƙera da makaɗa. Malaman Kano da takwarorinsu na Zariya, daga baya da na Sakkwato, su ne suka yi wannan ƙira, kuma kusancin Kano da malaman Larabci ya sa aron ya zo da sauƙi. Abin sha'awa, da aka zo neman sunan da za a kira babban rukunin sassa na jami'a, sai aka ɗauko kalmar tsangaya, watau bukkokin almajirai na bayan gari. Kalmar ta shiga jami'a ta zauna daram. Masu ita ne ba su samu shiga ba.

Inda reshen ya gaza

Gadar da kwalejin ta gina siririya ce. Wanda ya bi ta Makarantar Koyon Larabci ko makamantanta, ya iya Turanci gwargwado, shi ne ke haye ta. Gardin da ya haddace Alƙur'ani ya rubuta shi da ka, ko malamin zauren da ya ƙoshi da fiƙihu da lugga amma bai taɓa zama a benci ba, ba shi da hanya, alhali kuwa su ne mafi yawa a ƙasar Kano. Kwalejin ta ɗauki littattafansu ta yi nazari, ta je gidajensu ta yi tambaya, amma ba ta sami dabarar auna karatunsu ta ba shi daraja a takarda ba. Ana iya cewa wannan ya fi ƙarfin reshe, tun da sharaɗin shiga ba a Kano ake yanka shi ba. Haka ne. Sai dai ko bayan da ta zama mai cin gashin kanta matsalar ba ta kau ba.

Gazawa ta biyu daga tsarin rabon aiki ta fito. An keɓe wa Kano fannin adabi da addinin Musulunci, aka bar injiniya da likitanci da aikin gona da kimiyya da sha'anin kuɗi a Zariya. Ga mai kallo daga Kaduna wannan tsari ne mai ma'ana, don kuɗi kaɗan ne, malamai kaɗan ne, ba a iya gina ɗakin gwaje-gwaje biyu. Amma ga mai kallo daga Kano abin ya zo a juye. Garin da ke da dalar gyada, da masana'antun Bompai, da Kasuwar Kurmi, da fataken da suka san hanyar Gwanja da Tarabulus, shi ne aka ba makarantar da ba ta koyar da ciniki ko sarrafa ƙarfe. Lokacin farin 1972 zuwa 1974, da lokacin da gwamnatin Audu Baƙo ke gina madatsar ruwa ta Tiga da shirin noman rani na Kadawa, jami'ar ta taimaka, amma ta hannun masu binciken aikin gona na Samaru da tashoshinsu. Kwalejin da ke bakin ganuwa ba ta da abin cewa a kan babbar damuwar manoman jihar. Yaron Kano mai son zama injiniya ko likita kuwa sai ya hau mota zuwa Zariya.

Daɗin daɗawa, zaman reshe yana da nasa ciwon. Kowane sabon darasi, kowane sakamakon jarrabawa, kowane ƙarin girma na malami, sai majalisar jami'a ta zauna a Samaru ta amince. Kuɗi ma ta can suke biyowa, kuma bayan 1967 jihohi shida ne ke haɗa su, kowace tana duban abin da 'ya'yanta ke samu. Duk da haka ba daidai ba ne a ɗauka Zariya tauye Kano kawai ta yi. Inuwar jami'ar ce ta sa digirin kwalejin ya karɓu tun daga ranar farko, a Legas da Landan da Alƙahira. Da a ce ita kaɗai ta tsaya cikin 1964 da ɗalibai 10 a tsohon otel, da wuya wani ya ɗauke ta da muhimmanci.

Rabuwa

Kuɗin man fetur ne ya kawo ƙarshen zaman. Cikin 1975 Gwamnatin Tarayya ta karɓi jami'o'in jihohi, ciki har da ta Ahmadu Bello, ta kuma ƙudura buɗe sababbi guda 7: Kalaba da Jos da Maiduguri da Sakkwato da Ilori da Fatakwal da Kano. Wasunsu dama rassa ne, Jos ta Ibadan, Kalaba ta Nsukka. Aka ɗaga Kano ta zama kwalejin jami'a mai majalisar gudanarwa tata, a ƙarƙashin Dokta Mahmud Tukur, tana ci gaba da ba da digirin Zariya. Shehu Galadanci kuwa aka ba shi aikin kafa jami'ar Sakkwato. Cikin 1977 aka yanke cibiya gaba ɗaya, aka sami Jami'ar Bayero, Mahmud Tukur ya zama shugabanta na farko.

Nan da nan aka ga bambancin sabon mai gida. Ba a daɗe ba gwamnatin soja ta yi wa shugabannin jami'o'i canjin wuri, aka kawo Farfesa Ezeilo daga Nsukka ya riƙe Kano. Cikin 1978 kuma hukumar JAMB ta fara shirya jarrabawar shiga jami'a ta ƙasa baki ɗaya. Watau ikon da da yake Samaru bai dawo Kano duka ba, wani kashi nasa Legas ya wuce. A ɗaya gefen kuma, abin da aka hana reshe sai ga shi jami'a ta samu: kimiyya, da sha'anin kasuwanci, da shari'a wadda ta haɗa dokar Ingila da ta Musulunci, da fasahar ƙere-ƙere, da likitanci, daga baya har da aikin gona. Sashen Larabci da na addini, waɗanda da su ne kwalejin, suka zama biyu cikin sassa masu yawa.

Fili ya yi kaɗan a Kabuga, aka buɗe sabon mazauni a kan hanyar Gwarzo, mil da dama yamma da ganuwa, mafi yawan tsangayoyi suka koma can. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta ci gaba da aikin da ta faro tun tana ƙarƙashin Zariya, har cikin 2006 ta fitar da Ƙamusun Hausa, mai bayanin Hausa da Hausa. Gidan Malam Aminu Kano da ke Gwammaja, wanda aka fi sani da Mambayya, aka danƙa wa jami'ar ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, inda mutanen gari ke zuwa sauraron lacca ba sai sun fita Ƙofar Kabuga ba. Makarantar Koyon Larabci kuwa tana nan a cikin birni, ba nisa da fadar Sarki, a hannun Gwamnatin Jihar Kano.